Lissafi ba gadon ƴaƴan Yamai ba ne

Jama'a, tun watan Yulin 2023 babu kalmar da ta kai "ƴanci" yawo a bakinmu. A fada, a tasha, a rediyo, zancen ɗaya ne: arzikin ƙasa ya dawo hannun ƴan ƙasa. Madalla. To ga tambaya. Bututun man da ya taso daga Agadem ya bi kusan kilomita 2000 har bakin teku a Seme, ƙasar Benin, in an ce mana ganga kaza ta wuce yau, mutum nawa gare mu da za su iya sake lissafin da kansu su ce a'a, ba haka ba ne? Tun 1971 ake haƙar uraniyom a Arlit. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, kuma har gobe in ana maganar farashi da haraji da yawan abin da ya rage a ƙarƙashin ƙasa, wanda ya fi iya lissafi shi ke tashi da riba daga teburin. Ƙasar da ba ta iya ƙirga dukiyarta, ko ta sallami baƙo da safe, kafin la'asar sai ta aika a kirawo mata wani baƙon ya yi mata ƙirgar, ta kuma biya shi.

Shi ya sa muke cewa jahar Tawa na bukatar makarantar lissafi ta gaske, ta kwana, kyauta, ta samari da ƴanmatan da suka gama BEPC, wadda ke ɗaure da jami'a, wadda kuma za ta fita da ƙafarta ta nemo ɗalibanta a Sabon Gida da Madawa da Buza da Keita. Allon suna a ƙofar wani gini ba shi muke nema ba. Mun ga alluna da yawa a ƙasar nan.

Mu fara da abin da kowa ya sani amma ba a faɗi. Yaron Sabon Gida ya iya lissafi tun kafin ya shiga lakwal. Ya san dala ashirin ita ce abin da mushe zai kira faran ɗari, ya san ɗari biyu jikka ce. Wato kullum yana ninkawa da biyar, yana rabawa da biyar, a ka, ba alli ba allo. Yarinyar da ke talla tana ba da canji cikin daƙiƙa, kuma ba a cutarta. Uban yaron nan kuwa, duk shekara in an cire albasa a fadamar Tarka, sai ya zauna da tambayar da masana tattalin arziki ke rubuta littattafai a kanta: in sayar yanzu da araha, ko in zuba a rudu in jira kasuwa ta tashi? A misali, buhu ɗari gare shi, kowane jikka goma. In ya ajiye, talatin suka ruɓe, saba'in suka rage, to sai buhu ya haura jikka goma sha huɗu kafin ma ya maida abin da zai samu tun farko. In da bashin taki da na man injin ban ruwa a wuyansa, lissafin ya sake. Manomi na yin wannan a zuci. Ɗansa kuma a ce masa ba shi da kan lissafi.

Ina ake rasa yaron? A hanya. Yana shiga aji, sai a rufe lissafin da ya zo da shi daga gida, a buɗe masa wani cikin Faransanci, harshen da ko a kasuwa ba ya jinsa. Gwajin PASEC na 2014 ya nuna cewa cikin yaran Nijar da ke gama firamare, ko ɗaya cikin goma bai kai matakin da ake bukata a lissafi ba. An ɗan ɗaga a gwajin 2019, amma har a lokacin mafi yawan yaran suna ƙasa da matakin. Wanda ya tsallake ya shiga CEG, sau da yawa malamin lissafinsa ɗan kwantaragi ne da ke jiran kuɗin watan da ya wuce, ko kuma malamin wani fanni da aka ce ya riƙe ajin kafin a turo mai shi. Ya samu BEPC da ƙyar, sai kowa ya ba shi shawara ɗaya: ka bi seri A, ka tsira da bak ɗinka. Seri C kuwa ta zama kamar dodo. A lise da yawa na karkara ko ajin babu, domin ba a samu ɗaliban da za su cika benci biyu ba, ko ba a samu malamin da zai kai su ƙarshe ba. Daga nan sai tasha. Wanda ya kamata ya zama injiniyan ruwa yana Abijan yana tura baro, ko yana Libiya yana kwaɓa siminti, ko yana Legas yana gadin gidan wani. Mu Adarawa da Gobirawa mun mayar da bida kamar gado, har mun daina lissafa irin kawunan da take cinyewa.

To wace irin makaranta muke nufi? Abin ba sabo ba ne a duniya. A 1963 Tarayyar Sobiyet ta buɗe makarantun kwana na lissafi da kimiyya a jikin jami'o'in Mosko da Leningrad da Kiyef da Nobosibirsk. Ta Mosko, babban masanin lissafi Andrei Kolmogorov ne ya tsaya mata, kuma shi da kansa yake shiga aji ya koyar da yara ƴan shekara goma sha biyar, goma sha shida. An yi ta ne musamman domin yaran ƙauyuka da ƙananan garuruwa, waɗanda ba su da malamin da zai kai su inda kansu zai iya kaiwa. A 1965, jiragen Amurka na ruwan bama-bamai a arewacin Biyetnam, Jami'ar Hanoi ta buɗe aji na musamman na lissafi ga ƴan sakandare. Daga makarantar da ta fito daga wannan ajin ne Ngo Bao Chau ya taso, wanda ya karɓi lambar Fields a 2010, lambar da ta fi kowace daraja a fagen lissafi. Ingila ma, da duk tsoffin jami'o'inta, sai a 2014 ta kwaikwayi tsarin: aka buɗe ɗaya a Landan ƙarƙashin King's College, ɗaya a Exeter, ga matasa ƴan shekara 16 zuwa 19, kyauta, daga baya wasu jami'o'in irin su Liverpool da Cambridge suka bi sahu.

In kun ce waɗannan sun yi nisa, to ku leƙa Kano. A 1977 gwamnatin jihar ta duba ta ga ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi ƴan asalin jihar. Sai ta kafa makarantun kimiyya na kwana a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, shiga sai da jarrabawa. Ku tambayi duk Bakanen da kuka sani ina likitocinsu da yawa suka yi sakandare. Hausawa ne irinmu, da tuwo irin namu, da zafin rana irin namu.

Me ya sa sai an ɗaura ta da jami'a? Domin abin da ke kashe lissafi a lakwal ɗinmu shi ne hadda. A rubuta ƙa'ida a allo, ka kwafe, ka haddace, ka zubar ranar jarrabawa. Lissafi na gaske shi ne a ba ka matsalar da ba ka taɓa gani ba, ka kwana uku kana juya ta, ka faɗi, ka tashi, har ka kawo hujjar da ba mai iya rushewa. Wanda zai koya wa yaro wannan sai wanda shi ma aikinsa ke nan. Irin waɗannan mutane a jami'a suke. Muna da Jami'ar Djibo Hamani a Tawa. Muna da Jami'ar Ɗan Dicko Ɗankulodo a Maraɗi, mai tsangayar kimiyya da fasaha, wadda ga ɗan Madawa tafiyar ƴan awoyi ce. Muna da Jami'ar Abdou Moumouni da makarantar EMIG a Yamai. Malaman jami'a su tsara karatun, su shiga aji kowane mako, ɗalibansu manya su zauna da yaran da yamma suna warware matsaloli, ɗakin gwaje-gwaje da ɗakin kwamfuta su zama na kowa. Yaron da ya saba shiga harabar jami'a tun yana shekara goma sha shida, ranar da ya samu bak ba zai tsaya a bakin ƙofa yana rawar jiki ba.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Za su ce: haba, ƙasar da ke da azuzuwan zana da kara dubbai, ƙasar da yara kusan ashirin suka ƙone a aji a unguwar Pays-Bas ta Yamai a watan Afrilun 2021, wasu fiye da ashirin suka ƙone a Maraɗi a watan Nuwamban shekarar, ita ce za ta kashe kuɗi a kan yara ɗari biyu? A fara gina azuzuwa tukuna. Wallahi a gina, kuma mu ne kan gaba wajen neman a gina. Amma in an gama ginin, wa zai shiga ya koyar da lissafi? Nan ne gizo ke saƙar. Ba malamin lissafi, sai a rasa ɗan seri C. Ba ɗan seri C, sai a rasa mai karanta lissafi a jami'a. Ba mai karanta lissafi a jami'a, sai a sake rasa malamin lissafi. Haka muke ta zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke. Sai an tsinke igiyar a wani wuri, kuma wurin da ya fi sauƙin tsinkewa shi ne nan, tsakanin BEPC da bak. Manomin da ke fama da yunwa ma ba ya cinye irinsa. Yana ware damin da ya fi kyau ya rataye, don ya san daga shi gonar baɗi za ta fito.

Kuma mu ba mu yarda makarantar ta zama tsibiri ba. A Ingila, fita taimakon sauran makarantun yankin na cikin aikin irin waɗannan makarantu. Tamu ma haka: lokacin hutu ta tara malaman lissafi na CEG-CEG na Buza da Keita da Madawa ta ƙara musu sani, ta riƙa aika musu da darussa da tambayoyin gwaji, ta shirya gasar lissafi tsakanin garuruwa kamar yadda ake shirya kokowa. Ƙasar da ke iya tsayar da komai cak saboda takobin kokowa ba za ta ce ta kasa tara yara su yi gasar lissafi ba.

Wasu kuma za su ce ai akwai Lycée d'Excellence a Yamai, akwai Prytanée ta soja, mai ƙoƙari ya je ya yi konkur. Daga Madawa zuwa Yamai kusan kilomita 500 ne. Wane uba a Sabon Gida ne ya san ranar da ake ajiye takardu? Wa zai gaya masa? In ma ya ji, yaronsa zai zauna benci ɗaya da wanda tun firamare ake biya wa malamin gida, wanda ke Faransanci da uwarsa a kan tabarmar cin abinci. A ba su takarda ɗaya a ce an yi adalci. Irin wannan jarrabawar aljihun uba take aunawa kafin ta auna kan yaro. Babu laifin yaran Yamai a nan, su ma ƴaƴanmu ne. Laifin na tsarin da ke zaune a inuwa yana jiran haziƙi ya kawo kansa, alhali haziƙin na can bakin rijiya bai ma san ana nemansa ba.

A nan ne nake jin tsoro, kuma gara a faɗa tun yanzu. In aka gina makarantar nan aka bar ƙofarta a hannun masu waya, cikin shekara uku za ta cika da ƴaƴan manya, ɗan wane da jikan wane, an samu makarantar kuɗi da talaka ke biya da harajinsa. In haka za a yi, gara kada a aza tubali ko ɗaya. Don haka yadda za a zaɓi yaran ya fi ginin muhimmanci. A je a yi gwajin a kowane CEG na jahar. A cire sunaye daga takardu kafin a gyara. A liƙa sakamako a fili da makin kowa. A ware wa kowace gunduma kasonta gwargwadon yawan ɗalibanta. Sannan a sa tambayoyin da ke auna tunani, waɗanda za a iya karanta wa yaro da Hausa ko Tamajak ko Fulatanci ya gane abin da ake nema. Kundin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa. To ga wurin da za a gwada mana ko da gaske ake.

Akwai kuma masu raɗa cewa wannan ilimin na Nasara ne, mu ba mu gaje shi ba. Wa ya gaya muku? Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Katsinawi ya bar ƙasar Katsina ya tafi hajji, ya zauna a Alƙahira, a 1732 ya rubuta littafi kan yadda ake jera lambobi a hatimi mai gidaje mara, ta yadda duk layin da ka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimla ɗaya zai ba ka. Mai gida uku-uku 15 yake bayarwa, mai biyar-biyar 65. A can ya rasu a 1741, kuma har yau masu tarihin lissafi na ambaton sunansa. Malaman zaurenmu da ke raba gado, rabi da rubu'i da sumuni da sudusi, me suke yi in ba lissafi ba? Ga kuma Abdou Moumouni Dioffo, wanda aka haifa a Tasawa a 1929. Daga lakwal ɗin ƙasar nan ya tafi William Ponty a Senegal, ya wuce Faris, ya dawo ya ba da rayuwarsa ga binciken makamashin rana tun duniya ba ta damu da shi ba. A littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya yi kira da a koyar da yara da harsunansu. Mun sa wa jami'a sunansa, mun bar shawararsa a cikin kabad. Ku tambayi kanku: Abdou Moumouni nawa muka binne a gonakin albasa daga rasuwarsa a 1991 zuwa yau?

Sai masu cewa in an koya musu guduwa za su yi Turai. Yo yanzu zaune suke? Ku je tashar Madawa bayan girbi ku ƙirga motoci. Tafiya dai ana yinta, sai dai ana yinta da hannu biyu da jakar leda. Wasu cikin ɗaliban za su tafi, gaskiya ne. Maganin abin shi ne yarjejeniya a rubuce: ƙasa ta ɗauki nauyinka har ka gama jami'a, kai kuma ka biya ta da shekarun aiki, wasu daga ciki a aji kana koyar da ƙannenka. Kuma aiki na nan jibge yana jiransu. Da aka fara aikin raya karkara na Keita a 1984, da kuɗin Italiya da hannun FAO, iyayenmu mata ne suka ɗauki duwatsu a ka suka farfaɗo da ƙasar da ta mutu. Amma kowace madatsa sai da wani ya auna gangaren ƙasa, ya lissafa yawan ruwan da zai sauko daga dutse da kaurin bangon da zai tare shi. Yau da madatsun ke tsufa, wa zai sake wannan lissafin? Wa zai auna mana yawan ruwan da ke ƙarƙashin Tarka da Magiya kafin injinan ban ruwa su zuƙe shi? Ga masana'antar siminti a Malbaza, ga tashar lantarkin rana da aka buɗe a can a 2018, ga gawayin Salkadamna da aka daɗe ana mana alkawarinsa. Duk a jahar nan suke. Ƴaƴan jahar kuwa, in ba a tashi tsaye ba, gadi da dako ne rabonsu.

Maganar ƴanmata ba za ta zo a ƙarshen takarda kamar an tuna da ita a makare ba, a tsakiyar tsarin take. A ƙasar nan, cikin mata huɗu, uku ana aurar da su kafin su cika shekara 18. Yarinyar da ta fi kowa lissafi a ajinta a Buza, in lise ɗin da ke da seri C na wani gari, ubanta zai tambaya: gidan wa za ta zauna? Tambaya ce ta uba mai hankali, kuma amsarta ɗakin kwana ne mai katanga, da mata masu kula, da abinci, da ranar ziyara. Rabin gurabe nasu ne, ba ragi. Maryam Mirzakhani, mace ta farko da ta karɓi lambar Fields a 2014, daga makarantar ƴanmata haziƙai ta Tehran ta fito, a ƙasar Musulmi, da ɗankwalinta take zuwa aji. Kada wani ya kawo mana addini a matsayin hujjar rufe ƙofa.

Ga abin da muke nema a taƙaice, daga ma'aikatun ilimi, da gwamnan jaha, da shugabannin jami'o'in Tawa da Maraɗi:

1. Makarantar lissafi da kimiyya ta kwana, kyauta, daga sekwand zuwa tarminal, da yarjejeniya a rubuce tsakaninta da jami'a, mai faɗin malami nawa zai shiga aji da awa nawa a mako.

2. Gwajin shiga a kowane CEG na jahar, takardu ba suna, sakamako a fili, kaso ga kowace gunduma, rabi ga ƴanmata.

3. Kuɗin abinci da albashin malamai su kasance cikin kasafin ƙasa, kada a jingina su ga wani furoje da zai naɗe tabarmarsa bayan shekara biyar.

4. Duk shekara a wallafa yaro nawa aka ɗauka, daga wane gari, da sana'ar iyayensa, don mu gani da idonmu ko ta talakawa ce.

Mu kuma da muka samu muka tsallake, kada mu zauna jiran Yamai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda ya yi seri C ko D, in ya je gida hutu, ya tara yaran trwaziyem na garinsu ko sau biyu ne a mako. Ku je lise ɗin garinku ku tambayi shugaban makaranta: akwai seri C bana? Ɗalibi nawa? Mata nawa? Malamin lissafi nawa gare ku, kuma su nawa ne suka karanci lissafin? Ku rubuta amsar, da sunan garin, ku kawo mu haɗa ta gunduma-gunduma. Ranar da za mu shiga ofishin gwamna, da lambobi a hannu za mu shiga, tun da maganar lissafi muka je yi.